Ranar da Maral Ta Ƙi Farkawa

Gurbangul ta fara cin tiryak, ƙwayar nan mai sa maye da barci, a kwana na arba'in da haihuwarta ta fari, ranar da ta koma kan masaƙa. Surukarta Bibisoltan ce ta miƙa mata, ɗan guntun baƙin ƙaro mai ɗaci kamar ƙwayar wake, ta ce ta kora da koren shayi, bayanta zai daina ciwo. Ya kuwa daina. A ƙauyensu da ke gefen garin Akca babu wanda zai ga abin magana a nan. Mace za ta wuni tsugune a kan darduma tun hantsi har rana ta faɗi, tana ƙulla ulu zare bayan zare, tana bugawa da matajin ƙarfe, to wa zai riƙe mata jariri? Sai a gutsuri ɗan kaɗan kamar ƙwayar alkama, a murza a yatsa, a shafa wa yaron a dasashi. Shi ya yi barcinsa, uwa ta yi aikinta.

Shekararta tara a gidan mijinta Rejeb, amma har yanzu Bibisoltan "Amarya" take kiranta, ita kuma ba ta taɓa yi wa tsohuwar magana ba sai ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta, ta yi ƙasa da murya. Ɗanta na fari, Dowlet, ya rasu yana da wata biyar. Daga nan haihuwa ta tsaya mata shekara da shekaru, sai da aka fid da rai sannan Allah ya kawo Maral.

Ranar da abin ya faru kakar kankana ce, zafi kamar a bakin tanderu. Maral na da wata takwas, haƙori na fito mata, tun safe take tsala kuka. Gurbangul ta shafa mata abin da ta saba shafawa, yarinyar ba ta yi shiru ba. Da azahar ta ƙara mata. Ta kwantar da ita a lilon da ke ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu na ɗakin saƙa, ta kaɗa shi da ƙafa, ta koma kan jar dardumar da suka yi wata huɗu suna fama da ita.

Bayan la'asar Bibisoltan ta ɗago kai daga ƙullinta ta ce, "Amarya, yau dai 'yarki ta yi hankali. Ko motsi babu."

Gurbangul ta yi murmushi a bayan mayafi. Ta ƙulla zare ɗaya, ta yanke, ta ƙulla na biyu. A na uku hannunta ya tsaya. Shirun ya yi yawa. Ta saba jin ɗan minsharin yarinyar ko da tana bugun mataji, yanzu ba ta jin komai sai ƙudaje.

Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta leƙa lilon. Leɓen Maral ya koma shuɗi. Ta ɗauke ta, kan yarinyar ya langaɓe baya, hannuwanta suka zube kamar tsumma. Ta kara kunnenta a ƙirjinta. Ta jira. Ta jira. Can sai ƙirjin ya ɗaga kaɗan, ya koma, ya sake yin shiru.

Ihun da ta yi ita kanta ba ta san tana da irin wannan muryar ba. Mayafin ya zame daga bakinta, ba ta ma sani ba.

"Inna! Inna, ba ta numfashi! Maral! Maral!"

Tsohuwar ta karɓi yarinyar ta jijjiga, ta hura mata iska a fuska, ta yayyafa mata ruwa daga buta. Ko gezau. Sai ta mayar wa uwar, ta fita da gudu babu takalmi, mace mai shekara sittin da biyar, ta nufi gonar kankana tana kiran sunan ɗanta.

Rejeb ya aro babur mai ƙafa uku na maƙwabcinsu. Matan biyu suka zauna a baya a kan buhuna, shi yana tuƙi, bai juyo ba ko sau ɗaya. Hanyar duk ramuka ce. Gurbangul ta sa tafin hannunta a ƙirjin Maral a ƙarƙashin lulluɓi, duk lokacin da ƙirjin ya ɗaga sai ta ce "Ya Allah," sai ta zauna jiran na gaba, kuma kowane jira ya fi na baya tsawo. A wajen wata gada ta jira har ta tabbata ya ƙare. Ta buɗe baki za ta ce wa Rejeb ya tsaya, ba amfani, sai ƙirjin ya sake ɗagawa.

A asibitin Akca wata likita ce ta karɓe su, doguwa mai tabarau. Ta kwantar da yarinyar a tebur, ta buɗe mata ido da yatsa, ta haska. Baƙin idon ya tsuke kamar bakin allura.

"Me kuka ba ta?"

Rejeb na tsaye a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

"Zafi ne, 'yata," in ji Bibisoltan. "Ga haƙori kuma. Ba mu ba ta komai ba."

"Inna, ba ni da lokacin kunya. In kun faɗa mini yanzu ina da abin da zan yi. In kun ɓoye, ku ɗauke ta ku tafi da ita gida. Me kuka ba ta?"

"Tiryak," in ji Gurbangul. "Sau biyu. Ni na ba ta."

Likitar ba ta ko kalle ta ba. Ta kira nas, aka fasa wata 'yar kwalba, aka yi wa Maral allura a cinya. Minti ɗaya, minti biyu, ba abin da ya faru. Gurbangul ta durƙushe a gindin teburin. Daga nan ƙasa ta ji shi: wani irin jan numfashi kamar na wanda aka tsamo daga rijiya, sannan kuka, kuka mai ƙarfi mai fushi, irin wanda tun safe take neman hanyar kashewa.

Aka riƙe su har washegari, aka ƙara wa yarinyar allura sau biyu. Da safe likitar ta kira Gurbangul ita kaɗai ta zaunar da ita.

"Ke ma kina ci?"

"Ina ci."

"Shekara nawa?"

"Takwas."

"Kin taɓa rasa yaro?"

"Na fari. Namiji."

"Ciwon me ya yi?"

"Bai yi ciwo ba. Barci ya yi bai tashi ba. An ce iska ce ta taɓa shi."

Likitar ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta ta mayar. Gurbangul ta kalle ta tana jiran magana, sai ta ji wani sanyi ya taso mata daga tafin ƙafa har tsakar ka. Shekara takwas tana zargin aljanun tsohon kangon bayan gidansu. Ta dubi yatsanta manuni, wanda take murza abin da shi.

"Ki saurare ni," in ji likitar a hankali. "Ko kin daina shafa mata, yana cikin nononki. Jikinta ya riga ya saba, in an yanke mata za ta sha wuya, ke kuma za ki fi ta shan wuya. A gida ba za ku iya ba. Akwai gidan jinya na mata a garin Shibirgan, kwana arba'in, ana karɓar uwa da ɗanta. Zan rubuta miki takarda. Wannan karon kun iso da ita. Ba na so in yi miki alkawarin karo na gaba."

Gurbangul ta san me ake nufi da wuya. Wata shekara dusar ƙanƙara ta rufe hanya, mai kawo musu bai zo ba, ta yi kwana biyu babu. Ta tuna yadda ta riƙa birgima a kan tabarma tana cizon bargo, tana jin kamar ana fasa mata ƙasusuwa da guduma. Kwana biyu ke nan. Ta maimaita "arba'in" a ranta.

A gida aka yi kwana biyu ana ja. Rejeb mutum ne marar magana, sai ya zauna da takardar a hannu yana juya ta, ga shi bai iya karatu ba.

"Me zan ce wa mutane a masallaci?" ya ce. "Matata na gidan 'yan maye?"

"Ka ce musu ciwon mata ne, ba mai sake tambayarka," in ji uwarsa. "Amma ni ban ga dalilin tafiya ba. Uwata ta ci, kakata ta ci har ta shekara tamanin. Hannu ne ya zarce, a kiyaye gaba, shi ke nan."

Gurbangul ta daina shafa wa Maral, yarinyar kuwa ta wuni tana kuka, jikinta na rawa, ta ƙi kwanciya. Duk lokacin da barci ya ɗan sace ta, sai uwar ta tsorata ta tashe ta. Rana ta biyu da hantsi ta tsinci kanta tsaye a gaban lilon, yatsanta da ɗan baƙin abu a kai, ba ta san lokacin da ta gutsuro shi ba. Ta goge yatsan a bango har ya yi jini. Ta je ta sami Rejeb yana ɗaura wa jaki sirdi.

"Baban Maral, ka kai ni. In na zauna a gidan nan ni zan kashe ta."

Ya dube ta, ya dubi yatsan. Ya ce, "Gobe da safe."

Da gari ya waye suka tarar da Bibisoltan zaune a ƙofar gida da ƙunshin kayanta a cinya.

"Inna, ina za ki?"

"Ina kuwa? Amaryar gidana za ta kwana arba'in cikin baƙi ba kowa nata? Ka rufe bakinka ka ɗauki kaya."

A gidan jinyar aka ce ba a karɓar 'yar rakiya, sai dai marar lafiya. Tsohuwar ta ce to a rubuta ta, ai ta fi kowa daɗewa a cikin ciwon. Wata nas mai ƙiba ta shigar da su ɗaki ta caje su, ta warware ƙunshi, ta laluba bakin zani da cikin takalma. Da ta zo kan Bibisoltan ta kwance mata jelar gashi, sai ga ɗan ƙulli a leda ya faɗo.

"Wannan fa, Inna?"

"Na ciwon haƙori ne."

"Buɗe bakin in gani." Nas ɗin ta leƙa. "Inna, wane haƙorin? Ni ban ga ko ɗaya ba."

Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya. Gurbangul ma ta yi, amma idonta na bin ƙullin har aka jefa shi a aljihu, ta ji kamar an ɗauke ƙasa daga ƙarƙashinta.

Wuyar rabuwa da tiryak ta fara mata da hamma. Hamma ba iyaka, hawaye na zuba ba kuka ba, majina na zuba ba mura ba. Rana ta biyu tsigar jikinta ta tashi, tana rawar sanyi cikin zafin da bango ke ƙuna, ta lulluɓa sai gumi ya jiƙa ta, ta yaye sai sanyi. Cikinta ya riƙa murɗawa, ga amai ga gudawa. Ana ba su ƙwayoyi safe da yamma, suna rage wani abu, amma ba sa kai wa ga ƙashi. Ƙafafunta suka ƙi zama wuri ɗaya, suna harbin iska su kaɗai. Maral kuma an koma ba ta madarar gwangwani, tana ta kuka siriri mai huda kunne, 'yan hannuwanta na karkarwa.

Abin da ya fi tsorata Gurbangul shi ne tsohuwar. Rana ta uku Bibisoltan ta kasa tashi. Idanunta suka faɗa, fatarta ta manne da ƙashi, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Gurbangul ta ji nas biyu na magana ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa, ɗaya na cewa zuciyar tsohuwa ba ta ɗaukar irin wannan, a sa mata ido. Ta kwanta tana kallon silin. In matar nan ta mutu a nan, saboda ni ta mutu. Me zan ce wa Rejeb? Can ƙarƙashin wannan tunanin kuma akwai wani, wanda ya fi shi ƙarfi, ya fi shi muni: a kasuwar da suka wuce a hanya dole akwai mai sayarwa, kuma tana da 'yan kunne na azurfa.

Da rana tsaka, mata duk sun yi laushi a gadajensu, ta ɗauki Maral, ta jawo lulluɓinta, ta fita tana bin bango. Ta ratsa tsakar gidan ta isa babbar ƙofa. Mai gadin, wata dattijuwa, ta ce ba a tsare kowa da ƙarfi, amma ta bari a kira likita tukuna.

"Buɗe mini! Na ce ki buɗe! Mutuwa zan yi a nan!"

Sai ta ji an kama gefen rigarta ta baya. Ta juya. Bibisoltan ce a ƙasa. Ta fizge allurar ƙarin ruwan, jini na bin hannunta, ta rarrafo tun daga ɗaki a kan gwiwoyinta.

"Inna, sake ni."

"Ba zan saki ba."

"Sake ni! Ke kika koya mini! Ke kika sa mini shi a hannu, yanzu kuma ki riƙe ni?"

Shekara tara ba ta taɓa ɗaga wa matar nan murya ba, ga shi tana yi mata tsawa baki buɗe a gaban baƙi. Ta jira tsinuwa. Tsohuwar ba ta saki rigar ba.

"Ni ce," ta ce. "Zauna, Gurbangul. Zauna in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. In kin ji, ki tafi in kina so."

Ba ta taɓa kiran sunanta ba sai ranar. Wannan ne ya sa Gurbangul ta zauna a ƙasa a inuwar rumfar inabi.

"Ranar da Dowlet ya tafi, kin shafa masa da safe kin fita ɗebo ruwa. Ya tashi yana kuka. Ban san kin ba shi ba, na ƙara masa. Da kika dawo kika ce barcinsa ya yi daɗi yau, na gane mun haɗu a kansa, na yi shiru na ce zai tashi. Ni na fara cewa iska ce. Ni na ƙirƙiro maganar kangon." Ta ƙara damƙe rigar. "Shekara takwas ina kallonki kina tofa addu'a in za ki wuce kangon nan. Ba rakiya na zo ba. Ba zan koma gidan nan da abin nan a bakina ba, ko da gawata za a mayar. Ke in kin fita ƙofar nan, ni ma fita zan yi, don ba zan iya ni kaɗai ba. Kin ji gaskiya."

Gurbangul ta daɗe tana kallonta. Ta so ta tsane ta, ta nemi ƙiyayyar a ranta, ba ta sami ƙarfinta ba. Abin da ta gani kawai tsohuwa ce ƙanƙanuwa tana rawar ɗari, jini na ɗiga daga hannunta. Ta ajiye Maral a cinya, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mata hannun.

"Tashi mu koma, Inna. Za su yi mana faɗa."

"Ba zan iya tashi ba."

"Ni ma haka."

Nan nas mai ƙiba ta same su, ta zazzaga musu masifa, ta kira wata suka kwashe su.

Daga ranar suka haɗa gadajensu. In ƙafafun ɗaya sun tashi harbi, ɗayar ta zauna a kai tana matsawa. In Gurbangul ta fara kallon ƙofa, tsohuwar ta ce, "Ke, juyo nan, tsefe mini kai." In tsohuwar ta ƙi cin abinci, Gurbangul ta jiƙa gurasa a shayi ta tura mata a baki tana cewa ai ba ta da haƙorin da za ta cije ta. Rana ta tara suka ci shinkafa ta zauna. Rana ta goma sha biyu Maral ta yi barci na kanta, ba a shafa mata komai ba, uwar ta zauna a kanta tana kallon ƙirjin na hawa da sauka da sauri yadda ya kamata.

Rejeb na zuwa kowace Juma'a da kankana biyu a buhu. Maza ba sa shiga, sai a bakin ƙofa ake miƙa masa yarinyar. Juma'a ta huɗu Maral ta cafki gemunsa ta ja, ta ƙyalƙyale da dariya. Ya tsaya sororo.

"Ashe haka muryarta take?" ya ce. Ya juya baya yana gyara rawani, ya daɗe yana gyarawa.

Gurbangul ta zaci fita ce ƙarshen tsoro. Ashe a gida yake jiranta. A gidan jinya akwai ƙofa da mai gadi. A ƙauye kuwa babu gidan da babu tiryak, yana cikin kowane gwangwanin shayi, a ƙullin bakin kowane mayafi. Mata suka zo barka da dawowa, suna kallonta suna kallon juna. Ta koma kan masaƙa, kafin azahar bayanta ya ɗauki wuta, ciwon da ta manta shekara takwas ya dawo da ƙarfinsa. Bibisoltan ta bar saƙa gaba ɗaya, ta ce ita yanzu 'yar raino ce, ta wuni tana yawo da Maral a kafaɗa. Duk sanda Gurbangul ta yi shiru da yawa, sai ta ji muryar tsohuwar daga tsakar gida: "Amarya, kina nan?" Ta ce, "Ina nan, Inna."

Sati na uku da dawowarsu aka yi rasuwa a wani ƙauye, dangin tsohuwar ne, dole ta je. Ta tafi da Maral don uwar ta samu ta yi aiki. Gidan ya rage Gurbangul ita kaɗai.

Da hantsi maƙwabciyarsu Annabibi ta shigo aron rariya, ta same ta kwance a gefen masaƙa, ta dafe ƙugu tana nishi.

"Wayyo 'yar'uwa, dubi yadda suka mayar da ke! Likitocin birni sun taɓa tsugunawa a kan darduma? Su me suka sani?" Ta kwance bakin mayafinta, ta kama hannun Gurbangul, ta sa mata abu a tafi ta naɗe mata yatsun a kai. "Ɗan kaɗan ne, magani ne ba maye ba. Ba wanda zai ji a bakina."

Ba mugunta ta yi ba, har ga Allah tausayi ne. Ta ɗauki rariyarta ta fita.

Gurbangul ta zauna da hannunta a dunƙule. Ba ta buɗe ba, amma tana jin shi, ɗan tauri mai ɗumi, warinsa na fitowa ta tsakanin yatsu. Yawu ya cika mata baki. Ta ce za ta jefa shi a tanderu, ta tashi ta je bakin tanderun, hannun ya ƙi buɗewa. Ta ce to a masai, ta je, ya ƙi. Ta dawo ta ga butar shayi a kan garwashi, kofi a gefe, sai ta gane ƙafafunta can suke kai ta. Babu kowa. Babu mai kiran "Amarya, kina nan?" Ba ta taɓa jin tsoron wani mahaluƙi kamar yadda ta ji tsoron kanta a wannan lokacin ba.

Ta fizgi lulluɓi da hannu ɗaya ta fita da gudu.

Matan ƙauyen ba sa zuwa gona su kaɗai. Ta bi gefen rafin ban-ruwa tana tuntuɓe, ta riƙe dunƙulallen hannun nesa da jikinta kamar mai ɗauke da kunama. Mazan da ke gonakin gefe suka dakata da aiki suna kallo. Rejeb na cikin ruwa har ƙwauri da shebur a hannu. Da ya hango ta ya yar da shebur ɗin, fuskarsa ta yi fari.

"Maral?"

"Lafiyarta lau. Ni ce." Ta miƙa masa hannun. "Annabibi ta ba ni. Ban ci ba. Wallahi ban ci ba. Amma na kasa yarwa. Baban Maral, in ka bar ni da shi zan ci."

Ta runtse ido, don ba ta san me zai yi ba. Namiji ne, a gaban maza, matarsa ta zo masa da abin kunya a hannu.

Ta ji ya kama wuyan hannunta. Ya ɗaga ɗan yatsanta ƙarami, ta mayar. Ya sake ɗagawa ya riƙe, ya kama na biyu.

"Saki, Gurbangul. Ina riƙe da ke. Saki."

Ɗaya bayan ɗaya ya buɗe su. Abin ya narke da gumi ya manne a tafin, baƙi ƙirin. Ya jawo ta bakin rafin, ya durƙusa, ya tsoma hannun a ruwa, ya ɗebo yashi ya riƙa gogewa, yana gogewa har fatar ta yi ja, har ba sauran wari. Sannan ya wanke nasa.

Daga gonar gefe wani ya ɗaga murya: "Rejeb! Yau kai ne mai yi wa uwargida wanka?"

"Ni ne," in ji Rejeb, bai ko ɗago ba. "In ka gama kallo ka tare ruwanka, yana shiga gonar mutane."

Ya zaunar da ita a inuwar bukkar gona, ya fasa kankana da gwiwa ya ba ta tsakiyar. Ta kasa ci, sai kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta.

"Na zaci za ka kore ni," ta ce.

"Da kin ci kin ɓoye, da ban san yadda zan yi ba." Ya kalli ruwan. "Ni ma tsoro nake ji. Kullum in na doso gida sai na tsaya a ƙofa na saurara ko zan ji kukan yarinyar. In ya sake zuwa miki, ki taho nan. Ko da abu a hannu ko babu. Masu dariya su yi ta yi."

Ta sake zuwa gonar sau da yawa a shekarar, har mutane suka gaji da kallo. Annabibi ta yi fushi da ta ji an faɗi sunanta, ta daina gaishe su. Rejeb ya hana matarsa wuce azahar a kan masaƙa, don haka jar dardumar ba ta sauka ba sai da sanyi ya shigo, dillalin da ke sayen dardumarsu ya yi ta mita. Bibisoltan ta zame ta ci tiryak sau ɗaya a wajen wani biki, ta dawo ta faɗa da bakinta tana kuka kamar yarinya, Gurbangul ta zauna da ita kwana uku har abin ya wuce.

Ciwon bayan bai tafi ba, sha'awar ma ba ta tafi gaba ɗaya ba, takan taso ba sallama. Da hunturu ya yi tsanani, wata safiya Gurbangul ta kasa miƙewa. Rejeb ya soya gishiri a kasko, ya zuba a tsohuwar safa, ya ce ta kwanta rub da ciki. Ya durƙusa yana gasa mata ƙugu, hannunsa duk ba dabara, yana ƙona ta tana cewa a hankali.

Bibisoltan na zaune a bakin murhu tana kallonsu.

"Ikon Allah," ta ce. "Ni shekara hamsin ina saƙa a gidan ubanka, ko sannu bai taɓa ce mini ba."

"To kwanta, Inna," in ji Rejeb. "Gishirin bai huce ba."

Tsohuwar ta ce Allah ya kiyaye, ita ba ta lalace haka ba. Ta ɗan jima tana hura wuta, sannan ta jawo matashi ta kwanta a gefen surukarta.